Bikin Silima a Ƙofar Gida, Ina Namu Labarin?

A wannan wata muna so mu tattauna da ku game da wani biki da aka shekara fiye da 50 ana yi a ƙofar gidanmu, wato bikin silimar Afirka na Wagadugu, wanda kowa ya fi sani da FESPACO. Duk shekara biyu, idan watan Fabrairu ya kusa ƙarewa, hunturu ya ja jiki zafi ya fara kunno kai, sai gari ya cika maƙil da baƙi daga Dakar, Bamako, Tunis, Legas, Paris har da Amurka. Masaukai su cika, masu taksi su kwana suna aiki, tituna su sha ado. Mu Hausawan wannan gari kuwa muna cikin masu cin kasuwar bikin. Mahautanmu suna nan da tsire da kilishi, dukawa da jakunkuna da takalma, maɗinka da huluna da manyan riguna, 'yan koli da kayansu. Alhamdu lillahi, wannan ciniki ba abin rainawa ba ne, gidaje da yawa suna samun na cefane da shi. Amma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wata tambaya ce: a bakin ƙofa ana ganinmu, to a can ciki fa, a kan farin allon nan da dubban mutane suka zuba wa ido, wa yake ba da labarinmu, kuma da wane harshe?

Kafin mu amsa, ya kamata mu waiwayi asalin bikin, domin yaranmu da yawa sun tashi ne sun tarar da shi, kamar yadda suka tarar da kasuwar Rood Woko, ba su san yadda aka yi aka kafa shi ba. An fara shi a watan Fabrairu na 1969, lokacin ƙasar nan tana amsa sunan Hot-Bolta. Wasu masu sha'awar silima ne suka haɗu suka shirya mako na kallon finafinan Afirka, kuma mace ce, Alimata Salembere, ta shugabanci kwamitin. Ƙasashen Afirka 5 suka kawo finafinai a wannan karo na farko, Nijar tana cikinsu. Ba gasa, ba kyauta, kallo ne kawai. Amma kallon kansa babban abu ne a wancan zamani, domin kusan duk abin da ake nunawa a gidajen silimarmu na waje ne: na kaboyi, na Indiya, na Faransa, na Masar. Kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ne ke riƙe da gidajen da kuma hanyar shigo da finafinai a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Mutum zai biya kuɗinsa ya zauna ya kalli rayuwar kowa a duniya, ban da tasa.

A 1970 gwamnatin Janar Sangule Lamizana ta karɓe gidajen silimar ƙasar daga hannun waɗannan kamfanoni. A 1972 ta mayar da bikin na hukuma, aka sa gasa, aka kuma ƙirƙiro babbar kyauta. Daga 1979 aka tsai da shi duk shekara biyu. A zamanin Kyaftin Toma Sankara, wanda ya yi mulki daga 1983 zuwa 1987, bikin ya ƙara girma, aka buɗe ƙofa ga baƙaƙen fata mazauna ƙetare, aka gina dandalin masu silima da ke tsakiyar gari. Tun 1983 kuma ake haɗa bikin da kasuwa ta musamman, MICA, inda masu finafinai ke haɗuwa da gidajen talabijin da masu saye.

Babbar kyautar ita ce wadda ake kira Etalon de Yennenga, da Hausa Ingarman Yennenga, wato mutum-mutumin wata gimbiya bisa doki da mashi a hannu. Maƙwabtanmu Mosawa suna cewa Yennenga 'yar sarkin Gambaga ce a arewacin Gana ta yau, ta baro gidan ubanta a kan doki, ta haifi ɗa aka sa masa Wedraogo, ma'ana ingarma, kuma daga gare shi sarautar Mosi ta fito. A bukukuwan baya-bayan nan wanda ya ci kyautar yana tafiya da sefa miliyan 20. Mu dai sunan Gambaga ba baƙo ba ne a kunnenmu, domin ta waɗannan ƙasashe kakanninmu fatake suka riƙa bi da jakuna zuwa Salaga da Gwanja sayen goro, suna yada zango a hanya. Wasu zangunan suka zama unguwanni, namu na cikinsu.

To, me wannan biki ya haifar wa masu gida? Burkina ƙasa ce marar arziki mai yawa, amma saboda bikin nan ta zama gidan silimar Afirka. An buɗe makarantar koyon aikin fim a Wagadugu a 1976, ta yi shekara 10 tana yaye ɗalibai daga ƙasashe dabam-dabam. Gaston Kabore ya yi Wend Kuuni a 1982. Idrissa Wedraogo ya yi Yaaba a 1989, ya biyo da Tilai wanda ya ci babbar lamba a bikin Kan na Faransa a 1990, ya kuma ɗauki Ingarma a nan gida a 1991. Kabore ya ɗauka a 1997 da Buud Yam, Dani Kuyate ya ɗauka a 2025 da Katanga. Abin lura a nan shi ne, finafinan Kabore da Wedraogo da muka ambata da Mosanci aka yi su, a ƙauyuka, da 'yan wasa waɗanda da yawansu ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Aka sa musu fassara a ƙasan allo, sai ga mutanen Turai da Japan suna kallon tsohuwa 'yar ƙauyen Mosi suna share hawaye. Darasin da ke ciki a fili yake: harshen gida ba ya hana fim tafiya, in dai an yi aikin da kyau an kuma fassara shi.

Mutanen yankinmu ma suna nan tun daga tushe. Wanda ya fara cin Ingarman a 1972 ɗan Nijar ne, Umaru Ganda, Bazabarme haifaffen Yamai. Ya yi soja a yaƙin Indoshin, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, a can ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch wanda ya sa shi a fim, daga nan ya koyi aikin ya tsaya da ƙafarsa. Fim ɗin da ya ci kyautar, Le Wazzou polygame, labarin wani Alhaji ne da ya dawo daga Makka ya nemi ƙara mata ta uku da yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawari, abin ya ƙare da zubar da jini. Da Zabarmanci aka yi shi, amma duk Bahaushen da ya gan shi zai ga zauren gidansu. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, kuma bikin ya sa sunansa a kan kyautar da ake bai wa wanda ya fi a cikin masu fim na farko. Akwai kuma Mustafa Alasan, wanda yana cikin na farko-farko da suka yi fim na zane a Afirka ta Yamma. Ya zauna Tawa shekaru da yawa, wasu finafinansa ma sunan Hausa gare su, kamar Aure da Kokowa. A nan Wagadugu ya rasu a 2015.

Amma fim ɗin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wanda ya ci Ingarma a 1987, Sarraounia, wato Sarauniya. Labarin Sarauniyar Lugu ne, a ƙasar Arewa kusa da Dogon Dutsi, wadda ta tsaya ta yaƙi rundunar Faransawa ta Kyaftin Vule da Shanuwan a watan Afrilu na 1899. Wannan runduna ita ce ta wuce ta hallaka mutanen Birnin Ƙonni a watan Mayu, ta bi garuruwan Hausa tana ƙonawa, har sojojinta suka juya suka kashe shugabannin nasu biyu a watan Yuli, kusa da Tasawa. Abin da yaranmu da yawa ba su sani ba, wannan Vule ɗin shi ne dai ya shigo Wagadugu da yaƙi a watan Satumba na 1896, har Moro Naba Wobgo ya bar gari. Wato wuta ɗaya ce ta ci Mosawa ta ci Hausawa, shekara 3 tsakani. Abdullahi Mamani na Nijar ya rubuta littafin Sarauniya a 1980, Med Hondo ɗan Muritaniya ya mayar da shi fim a 1986. An so ɗaukarsa a Nijar abin bai yiwu ba, sai Burkina ta karɓi aikin, aka ɗauke shi a nan. Wata 'yar ƙasar nan, Ai Keita, ita ta fito a matsayin Sarauniya, kuma harsunan da aka fi ji a fim ɗin su ne Julanci da Fillanci da Faransanci.

Muna godiya ga Med Hondo, Allah ya sani. Ba don shi ba, da mutane da yawa a duniya ba su taɓa jin sunan Lugu ba. Irin wannan shi ne amfanin biki na ƙasa da ƙasa: ɗan Muritaniya ya ɗauki littafin ɗan Nijar, 'yan Burkina su yi wasan, 'yan Afirka duka su yi alfahari. Sai dai duk wanda ya kalli fim ɗin a cikinmu ya ji wani abu ya ɗan sosa masa zuciya, domin ga sunan namu, ga ƙasar tamu, ga tarihin namu, amma bakin na wani ne. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Daga 1972 zuwa bikin 2025 an ba da Ingarman ga finafinai da Bambaranci, da Mosanci, da Larabci, da Amharanci na Habasha, da Ingilishi, har da Somaliyanci a 2021. Fim da aka yi da Hausa bai taɓa ɗauka ba, ga shi kuwa masu jin Hausa sun haura miliyan 50.

Wani zai ce, ai Hausawa ba su yin fim ne. Wannan kuwa kowa ya san ba haka ba ne. Tun 1976 Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar da Hausa, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan ƙofa ta buɗe. Kafin shekara 10 Kano tana fitar da finafinai ɗaruruwa a shekara, har aka raɗa wa sana'ar suna Kannywood. Mun shaida yadda kaset ɗin ke iso mana, ta Maraɗi da Yamai, ta Kancari da Fada, a cikin kayan 'yan kasuwa da direbobin manyan motoci. Gidan da ke da bidiyo ya zama dandali, mata su gama tuwon dare da wuri, yara su cika tabarma. Iyayenmu mata waɗanda ba su taɓa taka gidan silima ba, a cikin ɗakunansu suka fara jin harshensu a talabijin. Yaran da aka haifa a nan, waɗanda Mosanci da Faransanci suka fi Hausa ƙarfi a bakinsu, da yawa a waɗannan kaset suka gyara gaisuwa da karin magana. Kowane irin suka za a yi wa finafinan Kano, game da rawa da waƙa ko kwaikwayon Indiya, wannan alheri dai sun yi mana shi.

To me ya raba waɗannan finafinai da bikin da ake yi a gari ɗaya da masu kallonsu? Dalili na farko ƙa'ida ce. Shekara da shekaru, fim ba ya shiga babbar gasar sai an kawo shi a kan zaren nan mai faɗin milimita 35 wanda ake naɗewa a faifai. Wannan zare tsada gare shi, wanke shi kuma sai an kai Turai ko Arewacin Afirka, saboda haka galibi sai mai samun tallafi daga waje ke iya yinsa. Masu ƙa'idar suna da hujjarsu, suna son hoto da sauti masu kyau waɗanda za su cika babban allo. Amma sakamakon shi ne finafinan bidiyo, na Kano da na Legas da na Akara, waɗanda su ne talakawa ke kallo, suka tsaya a ƙananan sassa na bikin. Dalili na biyu harshe ne: bikin yana tafiya da Faransanci, Kano tana aiki da Hausa da Ingilishi, fim ɗin da ba shi da fassara kuwa alƙalan gasa ba su da yadda za su yi da shi. Dalili na uku, mai fim a Kano yana da kasuwarsa, ya fitar yau ya sayar gobe ya shiga wani, bai ga abin da zai kai shi Wagadugu ba. Wani ɗan Kamaru, Jean-Marie Teno, ya yi fim a 2009 a kan wannan rata, ya ɗauki wani ɗan ƙaramin gidan kallon bidiyo a unguwar Sen Leyon, inda ake nuna karate da Indiya domin finafinan Afirka da ake yabo a bikin sun fi ƙarfin aljihun mai gidan.

Wannan ƙa'ida ta zare ta faɗi. Daga bikin 2015 aka yarda fim ɗin da aka ɗauka da kyamarar zamani ya shiga babbar gasa. Kuma an fara jin Hausa a inda da ba a jin ta. Rahmatu Keita ta Nijar ta shiga gasar 2017 da Zin'naariya, wanda akwai Hausa a cikin harsunansa. Aisha Maki, 'yar Damagaram, ta kawo Zinder a bikin 2021, wanda annobar korona ta sa aka ɗaga shi zuwa watan Oktoba. Wannan ba wasan kwaikwayo ba ne, rayuwa ce ta gaskiya: ta shiga unguwar Kara-Kara ta zauna da samari marasa aikin yi waɗanda gari ke tsoro, ta bar su suka faɗi nasu da bakinsu, da Hausarsu. Fim ɗin ya zagaya bukukuwa a ƙasashe da yawa. A Nijeriya ma, sau biyu ƙasar ta zaɓi fim mai Hausa ya wakilce ta a gasar Oska ta Amurka, The Milkmaid na 2020 da Mai Martaba na 2024. Saboda haka ƙofar a buɗe take, saura masu shiga.

Yanzu bari mu dawo kan namu na nan gida, domin labarin Kano na Kanawa ne, na Damagaram na Damagarawa, mu kuma muna da namu wanda ba wanda zai ba da shi daga can. Unguwarmu ta asali a tsakiyar wannan gari ita ce Zangwetin, sunan da Mosawa suka ba ta saboda mu mutanen zango. A nan kakanninmu suka sauke kaya, a nan aka yi makarantun allo, da zaurukan fatoma masu saukar da baƙi, da mahauta, da wanzamai, da sarautar zango. A 2003 aka tashi unguwar tare da wasu na kusa da ita domin a gina sabuwar cibiyar kasuwanci, mutum fiye da 12,000 suka ƙaura zuwa sababbin filaye a gefen gari. Ba mu kawo wannan don tayar da tsohon miki ba. Mun kawo shi ne domin yaron da aka haifa a shekarar yau magidanci ne, kuma bai taɓa ganin lungun da aka haifi ubansa ba. Idan ya tambaya, sai dai a nuna masa bene ko fili a ce nan ne. Yadda ake kiran salla daga masallaci zuwa masallaci, yadda ake kai amarya, yadda tsofaffi ke zama bakin zaure bayan la'asar, duk suna cikin kawunan mutane ne, mutanen kuwa kullum raguwa suke yi. Wannan ya faru ne a garin da ya fi kowane gari a Afirka ta Yamma sanin darajar kyamara.

Ko abin da aka ɗauka ma, sai an tsare shi yake zama. Shaihu Umar da muka ambata ya ɓace shekaru masu yawa, har aka ɗauka ya salwanta, sai a 2016 aka gano zarensa a ma'ajiya a Nijeriya, aka gyara shi, aka nuna shi a bikin Berlin na Jamus a 2018. A nan Wagadugu an kafa ma'ajiyar finafinan Afirka a 1989, kuma duk mun tuna ruwan ranar 1 ga Satumba 2009, wanda ya zuba fiye da milimita 250 cikin yini ɗaya. Yadda ya rushe gidajen jama'a haka ya shiga ma'ajiyar ya ɓata finafinai. Idan abin da hukuma ke tsaro ya iya shiga irin wannan hali, ina ga kaset ɗin bikin aure da ke cikin akwati ƙarƙashin gado, zafi da ƙura suna cin sa?

Mun san abin da wasu iyayenmu za su ce, kuma maganarsu tana da tushe. A gidajenmu an san silima da wurin 'yan iska. Duhu ne, maza da mata a cakuɗe, ga taba ga faɗa a bakin ƙofa, yaron da aka gani can kuwa ya san abin da zai tarar a gida. Wanda ya hana ɗansa zuwa don ya tsare tarbiyyarsa bai yi laifi ba. Amma in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Yau silimar tana cikin aljihun kowane yaro, a wayar hannu, ba ƙofa ba mai gadi, kuma ba wanda ya isa ya rufe ta. Abin da ya rage a hannun iyaye shi ne su kula da abin da ke cikinta. Kyamara kamar alƙalami ce, da shi ake rubuta alheri da shi ake rubuta sharri. Idan yaro bai ga kakansa a allo yana ba da tarihin fatauci ba, zai ga wani abin dabam, kuma wannan wani abin shi zai ɗauka a matsayin duniya.

Saboda haka ga shawarwarin da muke kawowa, kowa ya duba wadda ta dace da ƙarfinsa. Ta farko, idan biki ya zo mu shiga mu kalla. Ana nuna finafinai da rana, a Sine Burkina da Sine Nerwaya da sauran wurare, magidanci yana iya tafiya da iyalinsa ya zaɓi abin da ya dace. Gani ya kori ji. Mun zauna da Mosawa shekara fiye da 100, muna ciniki da su muna auratayya, amma wanda ya kalli Yaaba ko Tilai zai fahimci wasu abubuwa game da surukansa waɗanda ciniki bai koya masa ba. Haka wanda ya kalli Baara na Sulaimanu Sise ɗan Mali, wanda ya ci Ingarma a 1979, zai ga ɗan dako irin na bakin kasuwarmu ya zama mutum mai labari.

Ta biyu, samari da 'yan mata masu waya su fara da tsofaffin gidansu. A nemi izini, a zauna wuri mai haske marar hayaniya, a kafa wayar kada ta yi rawa. A fara da faɗin sunan mai magana da ranar da wurin, sannan a tambaye shi daga ina kakanninsa suka zo, ta wace hanya, wa ya sauke su, wace sana'a suka yi, gidansu na kusa da gidan wa. A bar shi ya yi magana da Hausarsa kada a katse shi. A tambayi tsofaffi mata su ma, domin rabin tarihin zango yana wurinsu. Abin da aka ɗauka a ajiye shi wuri biyu ko uku, kada a bar shi a waya ɗaya wadda gobe za ta faɗa ruwa. Tsofaffin hotuna da kaset na aure da suna da naɗin sarauta, a fito da su a kwafe tun suna da sauran rai.

Ta uku ita ce fassara, kuma a nan muna da abin da Kano ba ta da shi. Yaronmu yana tashi da Hausa a gida, Mosanci a titi, Faransanci a lakol, wani ma da Julanci ko Fillanci a kai. Wannan shi ne ainihin mutumin da ake nema ya sa wa fim ɗin Kano fassarar Faransanci don ya shiga biki, ya kuma juya fim ɗin Burkina ko na Mali zuwa Hausa don a kalle shi a Maraɗi da Sakkwato. A Kano akwai masu cin abinci da juya finafinan Indiya zuwa Hausa, kuma kowa ya ga yadda kasuwarsu ta karɓu. Abin da aka yi wa Indiya ana iya yi wa maƙwabci, da izinin masu fim ɗin. Kakanninmu dillalai ne tsakanin mai goro da mai kanwa, wannan ma dillanci ne, kayan ne kawai suka sauya.

Ta huɗu ta attajiranmu ce da ƙungiyoyinmu. A garin nan akwai makarantar ISIS ta koyon aikin hoto da sauti, akwai kuma cibiyar Imagine wadda Gaston Kabore ya buɗe a 2003. Ɗalibai suna zuwa musu daga wasu ƙasashe, mu kuwa kuɗin taksi ne tsakaninmu da su. Idan ƙungiya ɗaya ta ɗauki nauyin yaro ɗaya ko yarinya ɗaya mai hankali da natsuwa, cikin 'yan shekaru muna da namu mai riƙe kyamara wanda ya san abin da ake nunawa da abin da ake sakayawa a gidan Bahaushe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma kada a ce sai an tara miliyoyi. Bubakar Jallo ya nuna tun 2004, da fim ɗinsa Traque à Ouaga, cewa ana iya ɗaukar fim da kyamarar zamani da kuɗi kaɗan, mutanen gari su yi layi su biya su kalla. Bikin ma yana da sashen gajerun finafinai da na 'yan makaranta. Fim na minti 15 a kan tsohon wanzami, ko a kan mai kilishin da ya shekara 30 yana ciniki a ƙofar bikin nan, fim ne.

Bikin 2025 shi ne na 29, ƙasar Cadi ce babbar baƙuwa a cikinsa. Idan Allah ya kai mu 2027, na 30 ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya, masu shirya bikin suna karɓar finafinai watanni kafin a buɗe, kuma suna son a sa musu fassara. Wanda ke da niyya, yanzu ne lokacin fara zama da tsofaffi. Muna roƙon masu karatu, duk wanda ke da tsohon hoto ko kaset na Zangwetin, ko na zangunan Bobo, Fada, Puytenga da Dori, ya adana shi da kyau ya kuma sanar da shugabannin ƙungiyar unguwarsu, domin a san abin da ke akwai. Allah ya ji ƙan magabatanmu da suka kafa mana waɗannan zanguna, ya ƙara wa tsofaffinmu lafiya da nisan kwana, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da ƙasar nan da maƙwabtanta lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah ya yarda. Wassalam.